Karen Burbone: Yadda Son Gajeren Bindi Ya Kusa Shafe Wani Karen Farauta

Daga shekarar 1963 zuwa 1973 babu ko kwikwiyo ɗaya na karen da ake kira Braque du Bourbonnais da aka rubuta a kundin rajistar karnuka na ƙasar Faransa. A tsarin masu kiwon karnuka na can, irin karen da ya yi shekara goma ba a rubuta haihuwarsa ba, kusan a ce an gama da shi ke nan. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, masu ƙaunarsa suna cikin waɗanda suka kai shi bakin ramin. Sun gindaya wa kansu sharaɗi a kan launin gashinsa da tsawon bindinsa, sharaɗin da tsarin gado na halitta ba zai taɓa cika musu shi ba.

Labarin wannan kare ya ratsa ta tarihin farauta, da juyin juya halin Faransa, da wasu ɓeraye a wani ɗakin bincike a birnin Paris. In ka bi shi har ƙarshe, za ka gane dalilin da ya sa ake kula da shi yadda ake yi a yau. Don sauƙin furuci, bari mu riƙa kiran sa Burbone, yadda Faransawa ke faɗin sunan.

Karen da aikinsa tsayawa ne

Burbone sunan wani tsohon lardi ne a tsakiyar Faransa, wanda mafi yawansa yake cikin yankin Allier na yanzu, babban birninsa Moulins. Daga wannan lardi ne gidan sarautar Burbon, wanda ya mulki Faransa, ya samo sunansa. Ita kuwa kalmar braque, Faransawa suna amfani da ita ga karnukan farautar tsuntsaye masu gajeren gashi.

Kare ne matsakaici. Namiji yakan kai santimita 51 zuwa 57 daga ƙasa zuwa kafaɗa, nauyinsa kilo 18 zuwa 25. Karya ta ɗan fi ƙanƙanta. Gashinsa fari ne mai yayyafin ɗigo-ɗigo, ko dai ruwan hanta ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske. Kunnuwansa a kwance suke, kansa kuma ana kwatanta shi da siffar ƙwai mai ɗan tsini ta gaba.

In aka ce maka karen farauta, wataƙila abin da zai zo maka a rai shi ne karnukan mafarautanmu, masu bin zomo ko gada da gudu har su cafke. Aikin Burbone daban ne. Yana tafe yana kai da komo a gaban maigidansa, hanci a sama, yana shaƙar iska. Da zarar ya ji ƙanshin makwarwa ko salwa da ta laɓe a ciyawa, sai ya ƙame ƙam, hancinsa na nuni zuwa inda take, wani lokaci ƙafar gaba ɗaya a ɗage. Haka zai tsaya har mafarauci ya iso, tsuntsuwa ta tashi, a harbe ta, sannan ya je ya ɗauko ta a baki ba tare da ya tauna ba.

To, ta yaya dabba mai cin nama za ta ga abinci a gabanta ta tsaya? Ka lura da kyanwa in za ta kama ƙadangare: takan ɗan dakata, jiki a ɗaure, kafin ta daka tsalle. Wannan ɗan dakatawar ce mutane suka yi ta zaɓa a jikin karnuka, tsara bayan tsara, suna haɗa waɗanda suka fi daɗewa a tsaye, har daƙiƙa ɗaya ta koma mintuna. Charles Darwin ya kawo wannan bayani a littafinsa na asalin nau'o'in halittu na 1859, ya kuma lura cewa 'yan kwikwiyon irin waɗannan karnuka sukan ƙame tun ranar farko da aka fita da su daji, ba wanda ya koya musu.

Daga raga zuwa bindiga

Wannan aiki ya girmi bindigar farauta. A shekarar 1387, Gaston Phébus, mai sarautar Foix a kudancin Faransa, ya fara rubuta shahararren littafinsa kan farauta. A ciki ya yi bayanin karnukan tsuntsaye da ake fita da su tare da shaho, waɗanda kuma ake koya musu kwanciya in sun gano makwarwa ko salwa, don mutane su jawo raga su lulluɓe tsuntsayen. Ka ga ke nan tun a wancan zamani ana buƙatar kare mai haƙuri, wanda za a ja raga ta kusa da shi, har ta kansa, bai firgita ba bai yi cizo ba.

Takardar da ke bayyana kamannin Burbone a hukumance ta ce an san shi tun 1598, tana dogaro da rubuce-rubucen Ulisse Aldrovandi, masanin halittu na birnin Bologna a Italiya. Ba da daɗewa ba bayan haka, a farkon ƙarni na 17, maƙeran Faransa suka inganta bindiga mai kunna albarushi da ƙyastu. Da bindigogi suka ƙara sauƙin ɗauka da saurin tashi, harbin tsuntsu a sama ya zama abin yi, sai aka fi son karen da zai tsaya a miƙe mafarauci ya hango shi daga nesa.

Sai dai a wancan lokaci farauta haƙƙin masu sarauta ce. Talaka bai isa ya kashe makwarwar da ke cin hatsin gonarsa ba. A watan Agustan 1789, majalisar juyin juya hali ta soke wannan fifiko, sannan a 1844 aka yi dokar da ta tsara lasisin farauta da lokutanta. Daga nan manomi da likitan ƙauye da mai kanti duk suka shiga daji. Irin waɗannan mutane ba su da garken karnuka da barori masu kula da su. Kare ɗaya mutum yake da shi, wanda zai yi farauta ranar hutu, sauran kwanaki kuma yana tsakar gida tare da yara. Kare mai faɗa ko mai taurin kai ba zai yi wannan zama ba. Sanyin halin da ake yabon Burbone da shi a yau, a irin wannan rayuwa aka tace shi.

Zamanin rajista da gasar kyau

A tsakiyar ƙarni na 19 wani sabon abu ya ɓullo a Turai, wato baje kolin karnuka. An yi na farko na zamani a Newcastle ta Ingila a 1859, Paris ta yi nata a 1863. A 1885 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Faransa ta buɗe kundin rajista da ake kira LOF, inda ake rubuta kowane kare da iyayensa da kakanninsa. Kafin wannan, in karenka yana gano tsuntsu, to karen kirki ne, ba ruwan kowa da launinsa. Bayan wannan, sai da takarda, kuma sai alƙali ya duba ya ga ya yi daidai da kamannin da aka rubuta.

A daidai wannan zamani karnukan Ingila masu saurin gudu suka cika Faransa, mafarauta suna rububinsu. Masu karnukan gida suka shiga neman abin da zai bambanta nasu. A 1925 aka kafa ƙungiyar masu Burbone ta farko, a 1930 kuma ta wallafa ƙa'idar kamanninsa. Abu biyu suka riƙe gam. Na ɗaya, wani launi na musamman da suke kira koɗaɗɗen lilak, wato fari da ruwan hanta su cakuɗa sosai har daga nesa ka ga kamar shunayya mai dusashewa. Na biyu, a haifi kare ba bindi, ko da ɗan guntu.

A ido sharaɗin ba shi da laifi. Tun da daɗewa an san Burbone da gajeren bindi, to me zai hana a tabbatar da shi a kowane kwikwiyo? Ai abin da ake yi da sauran siffofi ke nan: ka yi ta haɗa mai siffar da mai siffar, ka ware wanda bai da ita, bayan 'yan tsararraki duk zuriyar ta zama iri ɗaya. Da siffofi da yawa wannan dabara tana aiki. Da gajeren bindi kuwa ba ta aiki, kuma dalilin yana cikin ƙwayoyin gado.

Lissafin da ya ƙi fita

Kowane kare yana ɗauke da kwafi biyu na kusan kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Akwai wata ƙwaya da masana ke kira T, wadda take da babban aiki tun ɗan tayi yana 'yan kwanaki: ita ce ke taimakawa wajen shimfiɗa ginshiƙin da ƙashin baya da sashen jiki na baya za su ginu a kai. A wasu karnuka harafi ɗaya tak ya sauya a cikin wannan ƙwaya, sai sinadarin da take haɗawa ya kasa aikinsa.

In kwikwiyo ya gaji lafiyayyen kwafi biyu, zai fito da dogon bindi. In ya gaji lafiyayye ɗaya da mai tangarɗa ɗaya, aikin zai yiwu amma ba zai kai ƙarshe ba, sai ya fito da guntun bindi ko babu sam. In kuwa ya gaji mai tangarɗa daga uwa da uba duka, ginin jikin ba ya kammaluwa, kuma galibi ɗan tayin yana mutuwa tun a ciki.

In ka taɓa jin bayanin gwajin jini kafin aure, lissafin ba baƙo ba ne a wurinka. Yadda AS da AS suke da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na haifar SS a kowane ciki, haka yake a nan. A ce an haɗa kare da karya, duka masu gajeren bindi, aka samu 'yan tayi takwas. A matsakaicin lissafi biyu za su zube tun a ciki, huɗu su fito da gajeren bindi, biyu su fito da dogo. Wato cikin waɗanda aka haifa, ɗaya bisa uku dogon bindi gare su. Ka ware su, ka sake haɗa masu gajeren, sakamakon bai canza ba. Ka yi haka shekara ɗari, yana nan yadda yake, domin duk karen da ke yawo da gajeren bindi irin wannan yana ɗauke da kwafin dogon bindi a jikinsa. Wanda zai haifi zalla masu gajere shi ne wanda ba a haifa ba.

Wani abin da zai ɗaure maka kai shi ne, an riga an ga irin wannan lissafi a Faransa ɗin kanta. A 1905 Lucien Cuénot, masanin halittu a birnin Nancy, ya lura cewa in ya haɗa ɓeraye masu rawayan gashi, 'ya'yan kan fito biyu rawaya ɗaya ba rawaya ba, kuma ya kasa samun zuriyar rawaya zalla. A 1910 wasu masana a Amurka, Castle da Little, suka nuna cewa kason da ya ɓace mutuwa yake yi a ciki. Sannan a 1927, shekara biyu kacal bayan kafa ƙungiyar Burbone, wata likita 'yar asalin daular Rasha mai suna Nadine Dobrovolskaïa-Zavadskaïa, tana aiki a cibiyar binciken radiyom ta Paris, ta bayyana ɓeraye masu gajeren bindi da ke bin wannan tsari. Ƙwayar T ce ta gano. Amma ilimin ɗakin bincike da na masu kiwon kare ba su haɗu ba a lokacin.

Sai a 2001 aka gano ainihin sauyin a jikin kare, a wani ɗan karen kiwon shanu na yankin Wales da ake kira Pembroke Corgi. A 2009 masu bincike ƙarƙashin jagorancin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland suka duba nau'o'in karnuka 23 da ake haifa da gajeren bindi, suka samu wannan sauyi a 17 daga ciki, har da Burbone. A duk karnukan da suka gwada ba su samu ko ɗaya mai kwafi biyu na sauyin ba.

Yanzu ka ɗora sharaɗin launi a kan wannan. Karnuka masu yayyafin ɗigo fari suke fitowa a haihuwa, ɗigon sai daga baya yake bayyana a hankali, don haka mai kiwo ba ya ma sanin abin da ya samu sai an yi makonni. Cikin 'yan kwikwiyon da suka tsira da gajeren bindi, wasu launinsu bai yi ba. Cikin waɗanda launinsu ya yi, ba duka ne ke da hancin farauta ba. Ana ta tankaɗe da rairaya, abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuma yaƙin duniya na biyu ya riga ya rage yawan karnukan. Mai kiwo ya ciyar da karya wata biyu tana ɗauke da ciki, ya raini 'ya'yan, ƙarshe a ce yawancinsu ba su cancanci takarda ba. Ɗaya bayan ɗaya suka haƙura suka koma wasu karnukan, ƙungiyar ma ta daina aiki. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Dawowa

A 1970 wani mafarauci mai suna Michel Comte ya ɗauki aniyar dawo da karen. Da ya shiga nema, abin da ya samu shi ne karnukan ƙauye masu ruwa biyu, waɗanda suke da wasu siffofin Burbone, wannan yana da kan, wancan yana da girman jikin, wani kuma gajeren bindin. Da su ya fara. A tsakiyar shekarun 1970 aka soma rubuta karnukansa a kundin rajista ta wata ƙofa da aka tanada don karen da ba a san iyayensa a takarda ba amma alƙalai sun gamsu da kamanninsa. Wasu masu kiwo suka shigo, aka kafa sabuwar ƙungiya a 1982, babbar ƙungiyar ƙasa ta amince da ita a 1985. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 karen ya ƙetara Amurka.

Abin da ya bambanta wannan karo da na farko shi ne an sassauta inda ya kamata. An karɓi launi biyu, ruwan hanta da ruwan ƙasa mai haske. Kwikwiyon da aka haifa da dogon bindi ba a kore shi ba. Hankali ya koma kan hanci da tsayuwa da hali. A Faransa ƙungiyoyin karnukan tsuntsaye suna shirya wa matasan karnuka jarrabawar baiwa, inda ake duba ko kare yana neman tsuntsu, yana ƙamewa, kuma ƙarar bindiga ba ta firgita shi. Wannan ya fi kusa da ma'aunin manomin ƙarni na 19.

Duk da haka akwai bashin da tarihi ya bari. Zuriyar yau daga 'yan karnuka kaɗan ta fito, kuma a farkon aikin sai da aka haɗa dangi na kusa. In tushe ya yi ƙanƙanta, ƙwayoyin cuta na gado da suke ɓoye sun fi samun damar haɗuwa biyu-biyu. Shi ya sa masu kiwo na kirki suke duba nasabar kare kafin su haɗa shi, suna kuma guje wa barin namiji ɗaya, komai kyansa, ya zama uban kowa.

Riƙon Burbone a yau

In ka fahimci wannan tarihi, yawancin shawarwarin kula da karen za ka iya hasashensu da kanka.

Fara da wurin saye. A Faransa doka ta hana rabuwa da kwikwiyo kafin ya cika mako takwas, kuma dole a sa masa alamar shaida, galibi ɗan ƙanƙanin na'ura a ƙarƙashin fata. Tun watan Oktoban 2022, mai son karɓar kare sai ya sa hannu a takardar alƙawari da sanin buƙatun dabbar, kwana bakwai kafin a miƙa masa. Daga Janairun 2024 kuma an hana kantunan dabbobi sayar da karnuka da kyanwoyi a cikin shago. Mai sayen Burbone ya kamata ya nemi ganin hoton ƙashin ƙugun iyayen, saboda gurɓacewar gaɓar ƙugu matsala ce ta gado a karnuka masu irin wannan girma. Ya kuma tambayi bindin iyayen. Yanzu da ɗan yawu a jikin auduga ana iya gwada ƙwayar T, kuma shawarar likitocin dabbobi ita ce a haɗa mai gajere da mai dogo. A haka rabi za su fito da gajere, rabi da dogo, ba a yi asarar ko ɗaya ba.

Sai motsa jiki. Karen da aka ƙera don ya wuni yana kai da komo a fili ba zai gamsu da zagaya layi sau ɗaya a igiya ba. Yana buƙatar gudu na sosai kullum, awa ɗaya ko fiye, a inda zai yi amfani da hancinsa. Wanda ba mafarauci ba yana iya ɓoye abu a ciyawa ya sa shi nema. In bai samu wannan ba, ƙarfin zai fita ta wata hanya, ya tauna takalmi, ya tone lambu, ya dami maƙwabta da haushi. A lokacin zafi a fita da sassafe ko da yamma, a riƙe ruwa, domin kare ta hanyar haki yake sanyaya jikinsa, kuma mai son aiki irin wannan ba ya sanin ya tsaya.

Horo kuwa da lallami ake yin sa. Kare ne mai kallon fuskar maigidansa, tsawa mai yawa ko duka sai su sa ya tsure ya daina gwada komai. Darasi gajere, a maimaita, a yaba masa in ya yi daidai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ya koyi dawowa in an kira shi, don ƙanshin tsuntsu yana iya ɗauke masa hankali ya tsallaka titi. Wanda zai yi farauta da shi ya saba masa da ƙarar bindiga a hankali, daga nesa, lokacin da yake cikin nishaɗi. Kwikwiyon da aka firgita da harbi a kusa da kunne yana iya ƙin daji har abada. Kaɗaici ma yana damun sa. Gidan da kowa zai fita tun safe sai dare bai dace da shi ba.

Gashinsa ba wahala, a goge shi da buroshi sau ɗaya a mako ya isa. Kunnuwan ne ke son ido, domin kunnen da ke kwance yana riƙe danshi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Bayan kowace fita daji a duba cikin kunne da tsakanin yatsu, saboda ƙaiƙayin busasshiyar ciyawa yana shigewa ya huda fata. A duba kaska kuma, don a Faransa tana yaɗa wata cuta mai fasa jajayen ƙwayoyin jini, alamarta kasala da zazzaɓi da fitsari mai duhu, kuma tana kisa in ba a garzaya wurin likita ba. Rigakafi da maganin tsutsar ciki a bi jadawalin likitan dabbobi. Abinci kuwa a daidaita shi da aiki: abin da yake ci a lokacin farauta, in aka ci gaba da ba shi bayan an rufe daji, ƙiba zai yi, ƙiba kuma ita ce ke ƙara wa ƙugu nauyi.

Har yanzu Burbone ba shi da yawa, ko a Faransa sai ka nema kafin ka gan shi. A ƙa'idarsa ta yanzu, kwikwiyon da aka haifa da dogon bindi akan rage masa shi a inda doka ta yarda, a ƙasashen da suka hana yanke bindi kuma a bar masa abinsa. Wannan kwikwiyo, wanda masu kiwo na farko za su ware gefe, yau ana buƙatarsa a cikin zuriyar, domin da shi ake haɗa ɗan'uwansa mai gajeren bindi a samu 'ya'ya duka da rai.